Injin 454: Yadda Masu Ƙaramin Ƙarfi A Amurka Ke Maido Wa Tsohuwar Mota Ƙarfinta

Duk mai kallon finafinan Amurka ba zai rasa ganin wasu tsofaffin motoci masu dogon baki da faɗin ƙirji ba, waɗanda da zarar an tayar da su sai ka ji ruginniya kamar hadari ya taso daga gabas. A fim ɗin Fast & Furious na shekarar 2009 da kuma John Wick na 2014 an nuna ɗaya daga cikinsu, wato Chevrolet Chevelle SS ƙirar 1970. Amurkawa na yi wa irin waɗannan motoci laƙabi da sunan da za mu iya fassarawa da motoci masu ƙwanji, domin kuwa abin da ya bambanta su da sauran shi ne an ɗauki ƙaton inji an cusa shi a jikin mota matsakaiciya. Ba safai ake ganinsu a titunanmu ba, amma can inda aka ƙera su akwai jama'a masu tarin yawa, direbobi da masu walda da ƙananan ma'aikata, da ke kashe ɗan abin da suka tara a kan waɗannan tsofaffin injuna a garejin bayan gida. Wasu su ci riba, wasu kuma kuɗinsu ya bi ruwa cikin ƙasa da rabin awa. A wannan makon mun ɗauki inji guda, wato 454 na kamfanin Chevrolet, domin mu ga inda bambancin mutanen biyu yake.

Da farko dai, lambar 454 ma'aunin cikin silinda takwas ɗin injin ce da inci irin na Amurkawa, wanda ya yi daidai da lita 7.4. Domin mai karatu ya gane girman abin, silinda ɗaya tak ta wannan inji ta fi injin babur ɗin kabu-kabu mai lamba 125 har sau bakwai. Nauyinsa kuwa ya kai wajen kilo 300. Shi ya sa ake ce da danginsa babban buloki, don a bambanta su da ƙaramin buloki irin su 327 da 350.

Yadda aka shaƙe doki

Kamfanin Chevrolet ya fito da wannan dangi na injuna a 1965 da lamba 396, shekara guda bayan da Pontiac GTO ta buɗe kasuwar motoci masu ƙwanji. A 1966 aka ƙara shi ya zama 427. A lokacin uwar kamfanin, wato General Motors, tana da dokar cikin gida da ta hana a sa inji da ya wuce 400 a motoci matsakaita, sai a 1970 aka janye ta, nan take kuwa 454 ya shiga cikin Chevelle. A masana'antar Tonawanda da ke jihar New York ake haɗa shi. Iri biyu aka yi a wannan shekara: LS5 mai ƙarfin doki 360, da kuma LS6 mai ƙarfin doki 450, wanda har yau ake ba da labarinsa. A nan ya kamata mu ja hankalin mai karatu cewa ba irin dawakin da ake rubutawa a takardar mota domin biyan haraji muke nufi ba, wannan ma'aunin ainihin ƙarfin da injin ke fitarwa ne.

Sai dai ranar ba ta daɗe ba ta faɗi. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci saboda yawan haɗari. A ƙarshen 1970 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar tsabtace iska, shi kuma shugaban General Motors na lokacin, Ed Cole, ya ba da umarnin a rage matsin dukkan injunan kamfanin daga ƙirar 1971 domin su iya shan fetur maras dalma. Matsi shi ne yadda fistin ke danne haɗin iska da mai kafin filogi, wanda wasunmu ke kira buji, ya ba da wuta. LS6 na 1970 yana danne shi sau 11.25, amma LS5 na 1971 ya dawo 8.5. A 1972 kuma aka canza hanyar awo gaba ɗaya, aka koma auna inji da duk kayan da yake ja a jikinsa kamar yadda yake a cikin mota, sai LS5 ya sauko daga 365 zuwa 270. Ke nan wani ɓangare na faɗuwar a kan takarda ne kawai, amma sauran gaskiya ne. Ana cikin haka ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa takunkumi a watan Oktoban 1973, aka shiga layi a gidajen mai. Ya zuwa 1975, 454 ɗin da ke cikin Chevelle ƙarfin doki 215 kawai yake bayarwa, bayan 1976 kuma aka daina sa shi a ƙananan motoci.

To amma injin bai mutu ba. An ci gaba da sa shi a motocin a-kori-kura, da Suburban, da manyan motocin nan masu ɗaki da gado da Amurkawa ke yawon hutu da su, da jiragen ruwa, har zuwa wajen shekarar 2000. Nan ne ƙofar talaka ta buɗe. Waɗannan injuna suna nan jibge a wuraren da ake zubar da matattun motoci da kasuwannin kayan kwance irin na Pomona a jihar Kalifoniya da Carlisle a Pennsylvania. Girman cikinsu bai ragu ko da cokali ɗaya ba daga na 1970. Abin da aka yi musu shi ne an rage matsi, an jinkirta wuta, an matse hanyar shigar iska da ta fitar hayaƙi. Doki ne lafiyayye da aka ɗaure wa hanci, don haka aikin mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya kwance ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganinmu jerin da ya bi wajen kwancewa ya fi yawan kuɗin da ya kashe muhimmanci.

Akwai dai mutum ɗaya da duk wannan bayani bai shafa ba, shi ne wanda ya yi sa'ar mallakar LS6 na asali. Guda 4,475 kacal aka yi a 1970, kuma wanda lambar injinsa ta yi daidai da ta jikin motar yakan haura dala dubu ɗari a wajen gwanjo. Irin wannan ko kusa guda aka canza masa an rage masa daraja. Maganarmu a kan gama-garin 454 ne na shekarun shaƙa.

Kafin a sayi komai

Makanikan da suka san aikin ba sa fara buɗe kundin kamfanonin sayar da kaya irin su Summit Racing ko JEGS sai sun tabbatar da lafiyar injin. Ana cire filogi takwas, a auna matsin kowace silinda, kuma bai kamata wata ta gaza ƴar'uwarta da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Ana duba ƙarfin hawan baƙin mai bayan inji ya yi zafi. Idan rin ya cinye ko bawul na yoyo, duk abin da aka ɗora a kai ado ne aka yi wa gawa. Haka zalika akwai sarƙar taimin. A shekarun nan General Motors kan yi wa haƙoran babban faifan sarƙar rufin roba domin rage ƙara, bayan shekara arba'in ko hamsin robar ta bushe tana karyewa, gutsattsarinta su gangara su toshe rariyar famfon mai. Sabuwar sarƙa mai faifan ƙarfe ba ta da tsada, kuma tana cikin abubuwan farko da ake canzawa.

Daga nan sai wuta, wadda ita ce ƙari mafi araha a duk jikin injin, abin mamaki kuma ita mutane suka fi tsallakewa. Mai ba ya ƙonewa nan take, yana buƙatar ɗan lokaci, shi ya sa filogi ke ba da wuta tun fistin bai ƙarasa sama ba, kuma gwargwadon saurin juyin inji gwargwadon yadda ya kamata wutar ta riga. A cikin distirbita akwai wasu ƴan ƙarafa biyu da ƙananan sifirin da ke wannan aiki. Domin rage gurɓataccen hayaƙi, masana'anta ta sa sifirin masu tauri, ta yadda wutar ba ta gama riga sai inji ya yi nisa da juyi. Kuɗin sababbin sifirin da ƙarafan bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Abin da aka saba nema a 454 shi ne digiri 12 zuwa 16 idan inji na tsaye yana sulo, jimla kuma 34 zuwa 38 da zarar ya kai wajen juyi 3,000 a minti. Wanda motarsa ta girmi 1975 kuma yakan nemi distirbitar HEI ta hannu, wadda kamfanin ya baza a motocinsa daga wannan shekara, ba ta da fayint ɗin da ke cinyewa, wutarta kuma ta fi ƙarfi.

Wani abu da ke yaudarar mutane a nan shi ne faifan da ke gaban karanshaf, wanda a jikinsa alamar taimin take. Zobe biyu ne da roba a tsakani, idan robar ta tsufa zoben waje yakan zame, alamar ta koma yin ƙarya. Mutum zai saita wuta bisa alamar yana ganin ya yi daidai alhali ya kauce da digiri goma. Idan kuwa wuta ta riga fiye da kima za a ji inji na wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani lokacin da aka taka mai a hawa. Wannan ƙara ba ta wasa ba ce, fistin take ci.

Bayan wuta sai numfashi, kuma ta baya ake farawa. Bututan hayaƙin da masana'anta ta sa na ƙarfen zubi ne masu matsatsen ciki, a wasu motocin ma duka silinda takwas salansa ɗaya suke tururuwar bi. Ana musanya su da dogayen bututai, kowace silinda da nata, masu faɗin inci ɗaya da uku bisa huɗu ko ɗan sama da haka, su haɗu su zuba a salansa biyu masu faɗin inci biyu da rabi zuwa uku. Babban inji irin wannan yana nuna godiya nan take. Illarsu dai zafi, sukan gasa kik da wayoyin filogi idan ba a kare su ba, masu arahar kuma sukan yi yoyo a bakin gaskit.

Kafireta: babba ba ita ce gwana ba

Yawancin 454 sun zo da kafireta mai suna Rochester Quadrajet, mai maƙogwaro huɗu, biyu ƙanana na tafiyar yau da kullum, biyu manya da ba sa buɗewa sai an taka mai sosai. Shekara da shekaru matasa na cire ta suna jefarwa, suna sayen Holley mafi girma da aljihunsu zai iya, saboda ana ganin girman kafireta shi ne ƙarfi. Lissafi bai goyi bayansu ba. Amurkawa na auna kafireta da yawan iskar da ke ratsa ta a minti guda, kuma hanyar gano abin da inji ke buƙata ita ce a ninka girmansa da iyakar juyinsa a raba da 3,456. Ga 454 mai juyi 5,500, amsar ita ce kusan 720, wannan ma idan ya cika cikinsa taf a kowane numfashi, abin da injin titi ba ya yi. Ita kuwa Quadrajet 750 ko 800 take ɗauka. Ashe abin da ake nema a Sakkwato yana nan cikin aljihun wando tun farko. Abin da take buƙata shi ne wanki, da sababbin gaskit, da gyaran sandar maƙogwaro idan ta yi lako-lako, da saita lokacin buɗewar manyan ƙofofin. Kafireta da ta yi wa inji yawa kuwa takan sa iska ta rasa saurin da za ta ja mai, sai a taka mota ta yi shiru kamar za ta mutu kafin ta zabura.

Abin da ya cancanci kuɗi a wannan sashe shi ne manifol ɗin da kafireta ke zaune a kai. Na masana'anta baƙin ƙarfe ne mai nauyi, an kuma danne shi ƙasa domin bonet ya rufu. Kamfanin Edelbrock, wanda Vic Edelbrock ya kafa a 1938, yana da na alminiyam iri biyu da suka yi suna: Performer da ke aiki daga sulo zuwa juyi 5,500, da Performer RPM mai aiki daga 1,500 zuwa 6,500. Ana samunsu na hannu da yawa tunda ba abin da ke cinyewa a jikinsu. Sai dai a lura, ramukan shigar iska a kan injin 454 iri-iri ne, akwai masu siffar ƙwai, akwai masu kusurwa huɗu, dole manifol ya dace da su. A kuma auna tsayi, don an sha ganin wanda ya gama ɗauri tsaf bonet ya ƙi rufuwa.

Inda kuɗi ke ƙonewa

Yanzu mun iso kan kamshaf, sandar nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe bawul tana rufewa. Ita ce ke ba inji halinsa, kuma a kanta ne aka fi yin asara. Wannan ƙara ta gurgunta, dum-dum-dum, da ake ji a finafinai idan mota na tsaye, daga babbar kamshaf take fitowa, kowane yaro kuma ita yake so maƙwabta su ji. Ga abin da ke faruwa a ciki. Babbar kamshaf tana barin bawul ɗin shigar iska a buɗe har bayan fistin ya soma hawa. Idan inji na gudu da juyi 6,000 wannan riba ce, domin iska na shigowa da ƙarfin gudunta. Amma a juyi 1,500, inda mota ke tashi daga danja, fistin korar iskar yake yi ta inda ta shigo. Injin da matsinsa 11 ne zai iya jure wannan asara. Wanda matsinsa 8 ne, kamar yawancin na shekarun 1970 da 1980, wasu ma idan an auna ba sa kaiwa 8 ɗin, sai ya zama ragon gaske. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya samu ƙarar da yake so, amma motar maƙwabcinsa da ba a taɓa ba ta wuce shi a danja. Mafi muni, birkin waɗannan motoci da zuƙar iskar manifol yake samun taimako, babbar kamshaf kuwa tana rage wannan zuƙa, sai a wayi gari birki ya yi tauri kamar dutse a tsakiyar kasuwa.

Ana auna kamshaf da digirin da bawul ke ɗauka a buɗe. Ga inji mai ƙaramin matsi da giyar otomatik, masana aikin kan tsaya tsakanin 210 da 225 a ma'aunin da aka saba, su bar 240 zuwa sama ga wanda ya ɗaga matsi ya kuma canza aksul. Duk wadda aka zaɓa, dole ta zo da sababbin tafet da sifirin bawul da suka dace da ita. Tsohon sifirin ba ya iya rufe bawul da sauri, idan ya yi tauri da yawa kuma ya cinye ƙusumbin.

Sai kuma minti ashirin ɗin nan da muka ambata tun farko. Tsofaffin 454 tafet ɗinsu mai shafaffen gindi ne, yana goga ƙusumbin kamshaf ƙarfe da ƙarfe. Abin da ke hana su cin juna shi ne wani sinadari mai tutiya da fosfaras da ake zubawa a baƙin mai, ana kiransa ZDDP. Da yake sinadarin na lalata tukunyar tace hayaƙi ta motocin zamani, sai aka yi ta rage shi, musamman daga ƙa'idar mai ta 2004. Sababbin motoci ba su damu ba tunda tafet ɗinsu mai ƴar taya ne, gangarawa yake ba goga ba. Amma wanda ya sa sabuwar kamshaf a tsohon inji, ya zuba man zamani na kanti, ya tayar ya bar shi yana sulo, to yana iya shafe ƙusumbi ɗaya ko biyu kafin ya gama shan shayi. Ƙa'idar ita ce a shafe kamshaf da man ɗauri na musamman, a zuba baƙin mai mai yawan tutiya, a tabbatar inji zai tashi bugu ɗaya, sannan a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30 ba tare da an bar shi ya sauko ba, domin a wannan juyin ne mai ke fantsama ya jiƙa kamshaf. Bayan nan a zubar da man da matatarsa. Idan aka kuskure, ba kamshaf kaɗai aka rasa ba, garin ƙarfen ya riga ya zaga ko'ina cikin inji, ya shiga metal, sai an sauke komai an wanke. Babban bulokin Chevrolet ya yi ƙaurin suna a wannan matsala, shi ya sa masu dabara ke neman 454 na 1996 zuwa sama, mai suna Vortec 7400, wanda ya zo da tafet mai taya tun daga masana'anta. Sa irinsa a tsohon buloki yana yiwuwa, amma kuɗinsa ya ninka na kamshaf ɗin gargajiya sau da yawa.

Maganar matsi kuwa a kan inji take, wato abin da makanikanmu ke kira kulas ko silinda hed. A ƙarƙashin murfin bawul akwai lambar zubi, masu zuwa kasuwar kwance kuma lambobi uku na ƙarshe suke haddacewa. Masu ƙarewa da 781 da 049 su ne abin nema, ramukansu masu siffar ƙwai ne manya, suna numfashi da kyau. Masu ƙarewa da 236, na motocin kaya, ramukansu ƙanana ne har Amurkawa na yi musu laƙabi da ramin gyaɗa, suna da ƙarfin ja a ƙasa amma numfashinsu kan ƙare da wuri. Ana iya kai 781 wurin masu injin gyara a faɗaɗa mazaunin bawul daga inci 2.06 da 1.72 zuwa 2.19 da 1.88, a goge kaushin da ke ƙarƙashinsu. Matsalarsu ɗaya, ɗakin ƙonewarsu babba ne, wajen cc 120, wanda shi ne ya jawo ƙarancin matsi. Ana rage shi ta hanyar kankare fuskar kan kaɗan da sa siririn gaskit, ko a nemi kan tsohon 396 na shekarun 1960 mai ƙaramin ɗaki, ko kuma, idan dama za a sauke inji, a sa fistin mai tudu a ka. Inda ake so a tsaya shi ne 9 zuwa 9.5. Wuce nan da kan baƙin ƙarfe neman rigima ne da fetur ɗin gidan mai, wanda mafi kyawunsa a Amurka lamba 91 zuwa 93 ne a ma'auninsu.

Mai ɗaukar kan shekarun 1960 yana da wani abin lura. An ƙera su ne lokacin da fetur ke da dalma, ita kuma dalmar tana zama kamar matashi tsakanin bawul ɗin hayaƙi da mazauninsa. Amurka ta haramta fetur mai dalma a motocin titi daga farkon 1996, ƙasashenmu na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021, saboda illar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yara. Ba za ta dawo ba, don haka tsohon kai da za a ba wuya sai an dasa masa mazauni mai tauri.

Abin da ba a cikin inji yake ba

Wani ƙarin da ke sa direba ya ji kamar an canza masa mota ko kusa da inji ba ya zuwa. Bayan matsalar mai ta 1973 an riƙa sa wa motoci aksul mai lamba 2.56 ko 2.73 domin tsimin fetur, ma'ana sandar da ta fito daga giya ta juya sau 2.73 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka mayar da shi 3.55, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a kowace giya. Sai dai ba a cin bulus. Giyar otomatik ta TH400 da aka saba haɗa 454 da ita hawa uku gare ta, don haka motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa da juyi wajen 2,100 za ta koma wajen 2,750, ga ƙara ga shan mai. Mai yawan doguwar tafiya yakan tsaya a 3.31.

Ƙasan injin kuwa, wato karanshaf da sandunan fistin, shawarar ita ce a ƙyale shi muddin yana lafiya. Ko na motar kaya ne yana jure ƙarfin doki 450 ba tare da gardama ba, sharaɗin kawai kada a riƙa kai shi sama da juyi 5,500, tunda fistin ɗinsa manya ne masu nauyi kuma tafiyarsu inci huɗu ce cur. Idan an buɗe shi, kusoshin sandunan fistin ne ake canzawa da masu inganci. Tarko guda a nan: 454 daga waje ake daidaita nauyinsa, akwai ƙarin ƙarfe a jikin filawil da faifan gaba. Na 396 ko 427 zai ɗauru daidai kamar nasa, amma inji zai yi ta karkarwa har ya cinye metal. Ita kuwa kwalbar iskar naitiros da finafinai suka yi wa talla, gaskiya ne tana ƙara doki ɗari ko fiye da kuɗi kaɗan, amma a kan tsohon fistin na zubi, rana ɗaya da famfon fetur ya gaza ta isa ta huda shi.

Mujallun wannan fanni, irin su Hot Rod da Robert Petersen ya kafa a 1948 da kuma Car Craft, sun sha ɗora irin wannan haɗi a na'urar awo, kuma abin da aka saba gani shi ne 454 na bola mai kai nagari, matsi wajen 9, matsakaiciyar kamshaf, manifol da bututan hayaƙi, yana kaiwa ƙarfin doki 400 ko kusa da haka, tun daga ƙasan juyi kuma yana ja kamar tirela.

Daga nan ne kuma wata tambayar ke tasowa, wadda ta shafi rai. Chevelle SS 454 ta zo da birkin faifai a gaba, amma gama-garin motocin zamanin da ake dasa wa wannan inji birkin ganga gare su a ƙafa huɗu, wanda ke sanyi idan ya yi zafi. Ba su da jakar iska, ba su da na'urar hana taya kullewa. Mota mai nauyin sama da tan ɗaya da rabi da aka ninka wa ƙarfi tana buƙatar birkin faifai da tayoyi nagari tun kafin ranar gwaji, kuma mu a namu ra'ayin kuɗinsu ya kamata a fara warewa kafin na kamshaf. Haka lagireto, domin ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne. Haka tiyon fetur, tunda yawancin man Amurka a yau yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke cin tsohuwar roba, tiyon da ya tsage a saman bututun hayaƙi mai zafi kuwa gobara ce.

Hukuma ma tana da nata. Dokar tarayya ta hana cire kayan tace hayaƙi daga motar da ta zo da su, jihohi kuma kowace da yadda take bincike. A Kalifoniya, inda aka fi tsanani, motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya an yafe mata gwajin hayaƙin da ake yi duk shekara biyu, ta 1976 zuwa sama kuwa sai ta je. Wannan ya sa gangar jikin mota ƙirar 1975 ta fi ta 1976 farin jini a wurin masu wannan sha'awa a can, ko da kuwa kamarsu ɗaya.

Shan mai dai ba shi da magani. Gyaran wuta da kafireta yakan ɗan rage shi, amma 454 a cikin Chevelle lita 20 ko fiye yake sha a kowane kilomita 100, idan ƙafar direba na da nauyi kuma abin ya wuce haka nesa. Tankinta galan 20 ne na Amurka, wato wajen lita 76. Da a ce za a kawo ta nan a cika ta taf a Yamai a kama hanyar gabas, za ta wuce Dosso da Dogon Dutsi cikin ruginniya, amma kafin ta shiga Birnin Ƙonni sai an nemi mai jarka a bakin hanya.